Farantin Yara a Wani Gidan Abinci a Bauchi: Abin da Ya Karɓu da Abin da Ya Gagara

Gidan abincin da wannan nazari ya shafa yana cikin garin Bauchi, a bakin wani titi da ma'aikatan gwamnati da masu ɗauko yara daga makaranta ke yawan bi da yamma. Ba wani babban wuri ba ne: 'yan tebura, kanta mai gilashi da ake jera abinci a ciki, talabijin a bango, sai wani lungu da aka kafa wa yara lilo. Mai wurin mace ce da ta manyanta, kowa Hajiya yake ce mata, haka ni ma zan kira ta. Ƙawar yayata ce, ta nan na samu izinin zama in ga abin da ake saye da abin da ake mayarwa kicin ba a taɓa ba, in kuma ji ta bakin ma'aikata da iyayen da suka yarda mu yi magana.

Tun da aka buɗe wurin akwai abin da suke kira farantin yara: jalof, soyayyar cinyar kaza, soyayyen dankalin Turawa, cokali guda na haɗin kabeji da bama, da lemun kwalba ɗaya, duk a kuɗi guda. Shi ya fi tafiya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da Asabar da Lahadi.

Ciwon suga ne ya tayar da maganar. Maigidan Hajiya ya kamu da shi, ta yi ta zaryar asibiti tare da shi, a can ta koyi karanta abin da ke rubuce a jikin kwalba. Yawancin lemukan kwalba suna ɗauke da sukari kusan giram 10 a kowane mililita 100, wasu ma sun fi haka. Ƙaramar kwalba mai santilita 35 (mililita 350) ke nan tana da kusan giram 35, wato cokalin shayi takwas zuwa tara. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun a 2015 ta ba da shawarar kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini, kuma in da hali ya tsaya ƙasa da kashi 5, wanda ga babban mutum bai wuce giram 25 ba. Hajiya ta ce ranar da ta yi wannan lissafi ta tsaya tana kallon wani yaro ɗan shekara huɗu da ake kawowa kusan kowane mako, ya riƙe kwalba da hannu biyu ya shanye tas, ya ture shinkafar. Haƙoransa na gaba duk sun yi baƙi. Ta ce ita ce ta sayar da kwalbar, abin ya tsaya mata a rai.

Gwaji na farko

Sai ta ƙara faranti na biyu a allon abinci: alale da ƙwai a ciki, kwaɗon zogale, yankakken gurji da tumatir, da zobo mai ɗan sukari kaɗan. Ta sa masa kuɗi ƙasa da na farkon. Tsammaninta iyaye mata, musamman masu aikin ofis da ke yawan maganar lafiya, za su yi rububinsa. Da ƙyar ake sayar da 'yan kaɗan a yini, su ma yawanci manya ne ke saye su ci da kansu. Da magariba sai a raba wa ma'aikata ragowar alalen.

Da farko kowa a kicin yara ya ɗora wa laifi, wai 'ya'yan zamani ba sa son ganye. Da na zauna ina sauraron yadda ake yin oda, sai na ga sau da yawa maganar ba ta ma isa wurin yaron. Tun a bakin kanta ake kashe ta.

Wata Juma'a wani magidanci ya shigo da 'ya'yansa uku, duk cikin shadda iri ɗaya. Ma'aikaciyar ta nuna masa sabon farantin. Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, zogale ai bishiyarsa na tsakar gidana. Na fito da su ne su ci abin da ba sa samu." Daga baya ya gaya mini alkawari ya cika, babban ya haɗa izu biyar. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo, fita irin wannan ta koma abin da ake tara wa kuɗi. A wurin mutumin nan farantin kyauta ce, kuma ba a ba yaro kyautar abin da ya ci jiya da dare. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi, kuma daga mata na ji shi. Wata uwa ta kalli gurjin da tumatirin ta ce, "Hajiya, ba raini ba ne, amma ban san ruwan da aka wanke su da shi ba." Jihar Bauchi na cikin jihohin da annobar kwalara ta 2021 ta fi yi wa ɓarna, taifot kuwa kusan kowane gida yana da labarinsa. Uwar da ta taɓa kwana a gadon asibiti tana kallon ƙarin ruwa yana ɗiga a hannun ɗanta, ita kam abin da ya fito daga tafasasshen mai da kwalbar da aka buɗe a gabanta su ne amintattu. Sukari cutarsa sai nan da shekaru. Gudawa kuwa a daren nan za ta tashe ta. Duk mai son ya sa yara cin ɗanyen abu a gidan abinci a garin nan, in bai fara amsa wa wannan matar tambayarta ba, bai soma aiki ba.

Sai tsoron asara. "In ya ƙi ci, wa zai biya ni?" Haka wata ta tambayi ma'aikaciyar kai tsaye. Kaza da dankali an san za su shige, sabon abu kuwa caca ne da kuɗin da babu.

Akwai kuma wani abu da ba a cika furta shi ba amma yana ƙarƙashin duk waɗannan. Mu a nan rama muke tsoro. Yaro ɓul-ɓul shi ne shaidar cewa uwarsa ta iya reno kuma ubansa yana ƙoƙari. Wannan tsoro yana da tushe: binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Jihar Bauchi kuwa sun haura rabi. A wurin da yunwa ke kusa haka, in ka ce wa uwa a rage wa ɗanta maiƙo, abin da kunnenta zai ji shi ne a rage masa abinci. Alhali yaran da ake kawowa wurin Hajiya kowane mako ba su ne masu tsumburewar ba. Nasu haɗarin daban ne, ruɓewar haƙori da ƙiba da sabon da zai bi su har girma, kuma babu mai yi musu maganarsa domin a ido lafiyarsu lau.

Su yaran fa? Nasu uzurin ya fi na kowa sauƙi. Na ga wata yarinya da uwarta ta ce a gida ita ke cinye alalen kowa, amma a nan ta ƙi ƙememe, ta haɗe rai, idonta na kan cinyar kazar yayanta. Ba ɗanɗano ta ƙi ba. Gani take an ware ta, an ba kowa na biki an ba ta na gida.

Gwaji na biyu

A nan ne na ba Hajiya labarin abin da aka yi a wasu wurare. A 2006 kamfanin Disney ya sauya tsarin abincin yara a wuraren shaƙatawarsa da ke Amurka: 'ya'yan itace ko kayan lambu da ruwa ko madara su ne ke zuwa da faranti kai tsaye, soyayyen dankali da lemun kwalba sai wanda ya nema. Kamfanin gidajen abinci na McDonald's ya fara sa yankakkiyar tuffa da rage dankali a kwalin yara tun 2011. Jihar Kalifoniya ta Amurka ma ta mai da abin doka daga farkon 2019, cewa abin shan da ke zuwa da abincin yara ya zama ruwa ko madara, sai dai iyaye su nemi wani. Duk cikinsu babu wanda ya hana komai. Abin da ke zuwa ba tare da an tambaya ba kawai suka sauya.

Hajiya ta ɗauki dabarar ta yi mata gyara irin na garinmu. Ta goge faranti na biyu daga allo, aka koma faranti ɗaya. Jalof na nan, amma an gurza karas a ciki an zuba yankakken koren wake. Kaza na nan, sai dai gasasshiya ce da yaji kaɗan. Dankali an raba shi biyu, gurbin rabin aka sa kankana da gwanda da abarba a soke a tsinke irin na tsire. Haɗin kabeji ya tafi, da ma shi ne ya fi komawa kicin. Lemun kwalba ya fita daga kuɗin faranti, ƙaramar gorar ruwa a rufe ta maye gurbinsa, aka rage farashin daidai da bambancin, mai son lemo ya saya daban.

Maganar tsabta kuwa ba ta tsaya yi wa kowa rantsuwa ba. Ta sa aka kafa ɗan tebur a gefen kanta inda kowa ke gani. Ana kawo kankanar ɗungum daga kasuwar Muda Lawal, a wanke bayanta a gaban mutane, a yanka sai an yi oda, mai yankan da safar hannu. Uwar da har yanzu zuciyarta ba ta kwanta ba sai a ba ɗanta ayaba ko lemun zaƙi da ɓawonsa, ta ɓare da hannunta. Ta kuma gaya wa ma'aikata cewa duk yaron da ya ƙi tsinken a musanya masa da dankali ba tare da ƙarin ko sisi ba. Wannan ya kashe maganar caca.

Tsinken ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Yaran da kansu suka raɗa masa tsiren kankana, ƙanana sukan fara da shi kafin su taɓa shinkafa, wasu su tsaya a gaban teburin suna kallon yadda ake sokewa. Musanyar da aka yi alkawari ba a cika nemanta ba. Gasasshiyar kaza ko magana ba ta jawo ba, garin da aka saba da tsire da balangu ba a koya wa yaro son gashi. Karas da koren wake ne suka ɗauki lokaci. Da farko sai ka ga an tsince koren waken an jera shi a bakin faranti ɗaya bayan ɗaya. Masu binciken cin abincin yara sun daɗe da lura cewa yaro kan buƙaci a gabatar masa da sabon abu sau takwas, sau goma, wani lokaci fiye da haka, kafin ya karɓa. Hakan ya bayyana a nan: yaran da ake kawowa a kai a kai sun daina tsincewa bayan 'yan watanni, baƙi kuwa har yau suna tsincewa.

Ƙorafin rage dankali daga iyaye maza ya fi fitowa, ba daga yara ba. Wani ya ce an yi masa wayo, an rage mai tsada an cika da mai arha. Hajiya ta fito da kanta ta ce, "Alhaji, a ƙaro masa dankalin, amma don Allah a bar masa tsinken ya gwada." Aka ƙaro, yaron ya cinye kankanar ya bar rabin dankalin.

Abin sha

Nan ne aka fi shan wahala, kuma nan ne na fi koyon abu.

A da, ma'aikaciya na ajiye faranti za ta ce, "Wane lemo za a kawo?" Wannan tambaya ita ke sayar da lemon. Da zarar an yi ta a gaban yaro magana ta ƙare, uwar da za ta ce a kawo ruwa sai ta shirya rigima a bainar jama'a. Da aka daina tambayar, aka koma ajiye gorar ruwa tare da faranti, sai ga wani abu da ban yi tsammani ba. Yaro zai ce, "Umma, lemo fa?" Ita kuwa ta ce, "Ka ga ai haka farantin yake zuwa." Shi ke nan. Wata ta gaya mini ta daɗe tana son hana ɗanta, amma ba ta son ta zama ita ce mai hanawa kullum, a gida ita, a waje ma ita, uban kuwa shi ne mai sayowa. Yanzu gidan abincin ya ɗauke mata wannan nauyi. Iyaye mata da yawa ashe ba wa'azi suke buƙata ba, sun riga sun sani. Mafaka suke nema.

'Yan ƙasa da shekara shida abin da aka ajiye musu suke sha. Daga shekara tara zuwa sama labari ya sha bamban: su ke yin oda da bakinsu, sun san sunan kowane lemo da launinsa, sun gani a waya da allunan talla, kuma sun san uba ya fi uwa saurin sakin jiki. In uban ne ya kawo su, da wuya a tashi ba a buɗe kwalba ba. Farashi ba ya tsayar da kowa. Harajin naira 10 a kan kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora wa lemukan zaƙi bai kai naira huɗu a ƙaramar kwalba ba, babu uban da zai ji shi a aljihu.

Wasu iyayen suna ganin sun sami tsaka-tsaki: su ƙi lemun kwalba su sayi ɗan kwalin jus mai hoton 'ya'yan itace, ko yogot mai zaƙi. Wannan ya fi ba ni takaici, domin niyyarsu mai kyau ce, kuɗin ma wani lokaci ya fi yawa, amma da yawa daga cikin waɗannan kwalaye ruwa ne da sukari da ƙamshi, sukarinsu bai yi nisa da na kwalbar da aka guda ba. Haka zobon da ake sayarwa a titi. Kasancewar abu na gida ba ya wanke shi, wani zobon har danƙo yake yi a leɓe.

Duk da haka zobon ne ya zama mafita ga manyan yaran. Hajiya tana dafa nata da ɓawon abarba da citta da kanumfari, da tafasasshen ruwa, ta ɗura a sababbin gorori ta rufe. Ba ta cire sukari gaba ɗaya ba, gwajin farko ya nuna mata ba za a sha ba. Ragewa take yi kaɗan-kaɗan, ba tare da sanarwa ba, har ya dawo ƙasa sosai da inda ta fara. Ja ne, da sanyi, a gora, saboda haka a idon yaro lemo ne. Ba kowa ya karɓa ba, amma ya janye wasu.

Ma'aikata su ma sai da aka sha fama da su. Babbar cikinsu ta ce, "Hajiya, a kawo wa ɗan mutane ruwa zalla? Sai a ce mun yi musu ƙwauro." Kunya take ji, kuma kunyar ta gaskiya ce, a al'adarmu baƙo da abu mai zaƙi ake tarbarsa. In Hajiya ba ta nan, tsohuwar tambayar takan dawo bakinsu. Har yanzu sai tana tunatarwa.

Lissafin mai wuri

Lemun kwalba ba ya lalacewa, har ƙofa ake kawo shi, firijin da ake sa shi ma kamfanin ne ya bayar da sharaɗin kayansa kaɗai za a sa a ciki. Kankana kuwa in an fasa ta ba ta kwana, ranar da babu wuta kuma man janareta ya yi tsada sai a yi asara. Dole Hajiya ta ware mutum guda don teburin yanka, ta sayi wani firijin don zobo da 'ya'yan itace. Ragin dankali da man suya ya ɗan rufe wani ɓangare, dankalin da ake kawowa daga Filato ba arha yake ba. Amma ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa ribar farantin yara ta ragu. Ta iya ɗauka ne domin abincin manya ke riƙe da wurin, kuma domin abin ya shafe ta a gida. Wanda ke haya mai tsada kuma lemo ne ke biya masa albashin ma'aikata, ba na jin zai bi sahunta don an roƙe shi kawai. Abin da ya ɗan faranta mata shi ne wasu iyaye mata da suka fara zuwa musamman saboda sun ji labarin tsinken.

Da Sallah ta saki komai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: wurin ya cika maƙil, yara da kuɗin barka da Sallah a hannu suna yin oda da kansu, kwalabe suka yi ta tashi. Ba ta hana ba, kuma ina ganin daidai ta yi. Yaron da ke shan lemo sau biyu a shekara ba shi ne abin damuwa ba. Wanda ake tsayawa da shi duk Juma'a, ga na akwatin makaranta kullum, ga na gidan kaka, shi ne farantin nan zai yi wa amfani, kuma shi ne ya fi sabawa da sabon tsarin.

Wurare biyu ne dabarar ba ta kai ba har yanzu. Na farko odar waya. Mai kira ba ya ganin teburin yanka, yaron ba ya ganin tsinke, abin da ake cewa kawai shi ne a haɗo da lemo. Kankana ma in ta daɗe a robar tekawe sai ta saki ruwa ta jiƙa shinkafa, saboda haka aka koma sa ayaba, ita ma wasu sukan ce a cire a ƙara dankali. Na biyu shagalin zagayowar ranar haihuwa da ake kai wa ajin yaro a makarantun kuɗi. A nan uwar da ta yi murna da gorar ruwa ranar Juma'a ita ce za ta ce a sa jus na kwali da alewa a kowace leda, domin sauran iyaye za su ga abin da ɗanta ya raba. Hajiya ta gwada ba da shawarar zobonta, aka ce ba zai yi kyau a leda ba. Irin wannan odar tana da yawa, kuɗinta ma a dunƙule yake zuwa, don haka ta bar ta yadda masu ita suke so.